Rikicin Bakassi: abin da ya kamata ku sani game da yankin da Najeriya ta miƙa wa Kamaru

Ranar 14 ga Agustan 2008, wakilan Najeriya da na Kamaru suka zauna a birnin Kalaba suka sa hannu a kan takardar da ta miƙa ragowar yankin Bakassi ga Kamaru. Ba a ma iya yin taron a cikin Bakassin ba, saboda fargabar harin 'yan bindiga. Da wannan sa hannu aka rufe babin wata taƙaddama da ta kai ƙasashen biyu bakin yaƙi a 1981, ta sa sojojinsu musayar wuta tun daga 1994, ta kuma ci fiye da shekara takwas a gaban Kotun Duniya.

Har yau in maganar ta taso a majalisar hira, ɗayan biyu za ka ji. Wasu su ce Gowon ne ya yi wa Ahijo, shugaban Kamaru na lokacin, tukwici da yankin saboda goyon bayan da ya ba shi a yaƙin basasa. Wasu su ce Obasanjo ne ya sallama shi don ya yi suna a idon duniya. Duk maganganun biyu sun gutsure labarin har sun ɓata shi. Wanda ya bi takardun zai tarar cewa tun kafin a haifi Gowon da Obasanjo aka ja layin da ya raba Bakassi da Najeriya, kuma gwamnatocin Najeriya sun yi shekaru suna aiki da wannan layi a rubuce kafin daga baya su ce ba su san zance ba. Akwai laifin da ya dace a tuhumi hukuma da shi, sai dai ba shi ne aka fi yayatawa ba.

Ina ne Bakassi, su wa ke cikinta?

Bakassi tana can kan iyakar kudu maso gabashin Najeriya, kusa da inda kogin Kuros Riba ke zubawa cikin teku. Ana ce mata tsibiri, amma a zahiri tarin ƙananan tsibirai ne da fadamu, rafuka sun yayyanka su, itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri sun lulluɓe su. Kwale-kwale shi ne abin hawa. Garuruwanta, irin su Abana da Atabong da Archibong, na masunta ne, kuma mafi yawansu 'yan ƙabilun Efik da Ibibio da Oron da Ijaw ne, masu dangi a Kuros Riba da Akwa Ibom da Bayelsa. Naira suke kashewa, kasuwannin Najeriya suke kai kifi da jatan lande, Efik ɗin cikinsu kuma Obong na Kalaba suka sani a matsayin uban ƙasa.

Abin da ya sa idon gwamnatoci ya kafe a wurin ya wuce kifi. Ruwan da ke kewaye da yankin yana cikin mashigin tekun Gini mai arzikin man fetur da iskar gas. Ta gefensa ne kuma jiragen ruwa ke bi su shiga tashar Kalaba, inda rundunar sojan ruwan Najeriya ta gabas ke da hedikwata. Duk wanda ke riƙe da Bakassi yana kallon ƙofar shiga Kalaba.

Takardu biyu, da ƙuri'ar 1961

Ranar 10 ga Satumban 1884, wakilin Sarauniyar Ingila ya ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakuna da hakiman Tsohuwar Kalaba. Ingila ta ɗauki alkawarin kare su, su kuma suka yarda ba za su ƙulla hulɗa da wata ƙasar waje ba sai da saninta. A wannan shekarar ce Jamus ta kafa tutarta a gaɓar tekun Kamaru. Turawan biyu suka yi ta ja da gyara layi a tsakaninsu har zuwa 11 ga Maris 1913, ranar da suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar da ta tsara iyaka tun daga Yola har bakin teku. A ƙarshen kudu aka ce iyakar ta bi kogin Akwayafe. Bakassi tana gabas da wannan kogi, saboda haka ta faɗa rabon Jamus. Ba da shawarar sarakunan Kalaba aka yi ba, balle ta masunta.

Mutanen Arewa ba baƙin irin wannan rabo ba ne. Haka aka yi wa ƙasar Adamawa: Yola, mazaunin Lamiɗo, ta zauna a hannun Ingila, yayin da Garwa da Marwa da Ngaundare suka tafi hannun Jamus. Haka aka gutsure Dikwa daga Borno.

Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma. Ingila ta samu wani siririn yanki da ke manne da iyakar Najeriya, ta kasa shi biyu, Kamaru ta Arewa da Kamaru ta Kudu, tana tafiyar da su daga Najeriya, amma a matsayin amanar da ƙungiyar ƙasashen duniya ta damƙa mata. A nan ne tushen ruɗanin yake. Fiye da shekara arba'in, Bature ɗaya ne ke mulkin Kalaba da Bakassi. Masunci ya tashi daga Oron ya kafa bukka a Abana ba wanda ya tambaye shi takarda. Mutane suka manta da akwai wani layi, alhali layin yana nan daram a cikin kundin Turawa.

A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a yankunan amanar biyu: ku zaɓi Najeriya ko Kamaru. Kamaru ta Arewa, wato su Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye da Gashaka da tsaunin Mambilla, ta zaɓi Najeriya da kusan kashi 60 cikin 100, bayan Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsayin daka wajen neman ƙuri'arsu. Shi ya sa aka raɗa wa yankin Lardin Sardauna. Kamaru ta Kudu kuwa ta zaɓi haɗewa da Kamaru da kusan kashi 70 cikin 100, kuma a cikinta aka lissafa Bakassi.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin ƙuri'ar da ta tafi da Bakassi ita ce ta kawo wa Najeriya Mubi da Mambilla. Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ayyana ranar makoki, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci kan batun a 1963, ya haƙura. Duk mai cewa a yi watsi da iyakokin Turawa a koma wa tarihi, to ya sani ƙofar da yake son buɗewa ba ɓangare ɗaya kawai take buɗuwa ba.

Abin da Gowon ya sa wa hannu

Bayan samun 'yanci, Najeriya ba ta yi jayayya a kan Bakassi ba. A 1962, zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ma'aikatar harkokin waje ta rubuta wa Kamaru takarda da ke nuna cewa iyakar tana bin kogin Akwayafe. Taswirorin da hukumomin Najeriya suka buga a shekarun farko sun sa yankin a cikin Kamaru. Jami'an ofishin jakadancin Najeriya sukan nemi izinin Kamaru kafin su ziyarci 'yan ƙasarsu da ke zaune a can. A farkon shekarun 1970, Ministan Shari'a Teslim Elias, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Duniyar da kanta, ya shaida wa gwamnati cewa yarjejeniyar 1913 tana kan Najeriya.

Gaskiya ne Ahijo ya tsaya tare da gwamnatin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya ƙi bari Biyafara ta mai da ƙasarsa hanyar shigo da makamai. Gaskiya ne kuma bayan yaƙin shi da Janar Yakubu Gowon sun sa hannu a kan takardu biyu, ɗaya a Yawunde a Afrilun 1971, ɗaya a Marwa ranar 1 ga Yunin 1975. Amma takardun nan iyakar cikin ruwa suka shata, daga bakin kogin Akwayafe zuwa cikin teku. Sun ɗora ne a kan layin 1913, ba su ƙirƙiro shi ba. Gowon da kansa ya sha musanta cewa ya yi kyauta da Bakassi. Abin da za a iya faɗa da adalci shi ne sa hannunsa ya ƙara wa hujjar Kamaru ƙarfi. Ƙasa da wata biyu bayan taron Marwa aka hamɓarar da shi, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa amincewa da takardar ba.

Daga nan zama ya fara tsami. Jandarmomin Kamaru suna bin masunta da haraji da duka da ƙwace kayan su, masuntan suna kai kuka Kalaba. Ranar 16 ga Mayun 1981 aka harbe sojojin Najeriya biyar da ke sintiri a cikin ruwan yankin. Ƙasa ta ɗauki zafi, jaridu da 'yan siyasa da wasu hafsoshi suna kiran a rama. Shugaba Shehu Shagari ya tura sojoji kan iyaka, ya ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Nairobi, amma bai ba da umarnin a harba ba. A ƙarshe Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. An zarge shi da sanyi a lokacin. A ganina wannan dauriya tana cikin abubuwan kirki da ba a cika tunawa da su ba a mulkinsa.

Ɓangaren da ya shafi Arewa kai tsaye

Sunan Bakassi ya danne sauran labarin, har mutane da yawa ba su san cewa shari'ar ta haɗa da Tafkin Chadi ba. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa ruwan ya ja da baya sosai, ya bar Baga da sauran garuruwan gaɓar Najeriya a tudu. Masunta Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa suka bi ruwa gabas, suna kafa zango a duk tsibirin da ya ɓullo, suna noman masara da wake a ƙasar da ruwa ya janye ya bari. Sunayen ƙauyukan da Najeriya ta gabatar wa kotu sun isa shaidar waɗanda suka kafa su: Doron Liman, Doron Malam, Garin Wanzam, Ramin Dorina, Sabon Tumbu. Babban cikinsu shi ne Darak.

Inda talakawa suka je, hukuma ta bi su. Jihar Borno ta naɗa masu unguwanni, ta karɓi haraji, ta buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, aka kai 'yan sanda da sojoji, ana tafiyar da ƙauyukan daga ƙaramar hukumar Ngala. Matsalar ita ce masuntan sun tsallake layin da Ingila da Faransa suka amince da shi a 1919 suka kuma tabbatar a 1931. A kan ruwa ba a ganin iyaka. Irin wannan ruɗani ne ya haddasa faɗa tsakanin sojojin Najeriya da na Chadi a kan tsibiran tafkin a 1983, lokacin Muhammadu Buhari yana kwamandan runduna ta uku da ke Jos. Bayan wannan faɗa Hukumar Raya Tafkin Chadi ta sa aka auna iyakokin aka kafa alamomi tsakanin 1988 da 1990, amma Najeriya ba ta amince da sakamakon a hukumance ba.

Daga bakin bindiga zuwa gaban alƙalai

A watan Disambar 1993, wata guda bayan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, sojojin Najeriya suka shiga Bakassi da sunan kare 'yan ƙasa. A Fabrairun 1994 aka gwabza. Faransa, wadda ke da yarjejeniyar tsaro da Kamaru, ta aika da wasu 'yan sojoji. Shugaban Togo, Gnassingbé Eyadéma, ya shiga tsakani, bai ci nasara ba.

Shugaba Paul Biya na Kamaru ya san ƙasarsa ba ta kai Najeriya yawan soja ko dukiya ba, sai ya zaɓi fagen da yake da ƙarfi. Najeriya tun 1965 ta rubuta cewa ta yarda Kotun Duniya ta saurari ƙarar da wata ƙasa ta kai ta. Kamaru ta miƙa irin wannan takarda a farkon Maris 1994, ranar 29 ga watan kuma ta shigar da ƙara a birnin Heg. A watan Yuni ta faɗaɗa ƙarar, ta nemi kotu ta tabbatar da iyakar gaba ɗaya, kimanin kilomita dubu biyu daga Tafkin Chadi zuwa teku.

Shari'a tana tafiya, ana ci gaba da zubar da jini. An sake gwabzawa a Fabrairun 1996, har kotun ta ba da umarnin kowa ya tsaya inda yake. A shekarar ce gwamnatin Abacha ta mai da Bakassi ƙaramar hukuma a Jihar Kuros Riba. Najeriya ta kawo dalilai takwas na cewa kotun ba ta da hurumi, a Yunin 1998 kotu ta ce tana da shi. A ƙarshen wannan shekara aka yi musayar fursunonin yaƙi ta hannun ƙungiyar Red Cross.

Hujjar Najeriya ƙafa biyu gare ta. Ta farko: Ingila kariya ta yi wa Kalaba alkawari a 1884, ba mallakar ƙasarsu ta yi ba, kuma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba, saboda haka yarjejeniyar 1913 ba ta hau kan Bakassi ba. Ta biyu ta yi kama da abin da alƙalanmu na shari'ar Musulunci ke kira hauzi, wato mutum ya daɗe yana noma gona, mai ita yana gani bai ce uffan ba, har shekaru suka wuce, to ba zai dawo daga baya ya ce tasa ce ba. Najeriya ta ce mutanenta ne ke zaune a Bakassi da Darak, ita ke karɓar haraji, ita ta gina makarantu.

Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun ta yanke hukunci, ta kuma karya ƙafafun biyu. Game da ta farko ta ce a dokar wancan zamani, irin yarjejeniyar kariya da Turawa ke ƙullawa da sarakunan Afirka hanya ce ta mallakar ƙasa, don haka Ingila tana da ikon yin abin da ta yi a 1913. Game da ta biyu ta ce daɗewa a wuri ba ya ture takardar mallaka in akwai ta, kuma Kamaru ba ta yi shirun da za a ce ta sallama ba. Ta kuma ce sa hannun shugaban ƙasa a Marwa ya ɗaure Najeriya, ko majalisar soja ta amince ko ba ta amince ba. Bakassi ta Kamaru ce, Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita ma haka.

Dalilin farkon nan yana da ɗaci, ba kuwa ga 'yan Najeriya kaɗai ba. Ma'anarsa ita ce alkawarin da Bature ya ɗaukar wa sarkin Afirka ba alkawari ba ne da kotu za ta tilasta. Alƙali Abdul Koroma na Saliyo ya ƙi amincewa da hukuncin, ya rubuta dalilansa da zafi, haka ma Bola Ajibola wanda Najeriya ta zaɓa ya zauna a shari'ar. Gwamnatin Najeriya ta yi ƙorafin cewa shugaban kotun, Gilbert Guillaume, Bafaranshe ne, kuma akwai alƙaliya 'yar Ingila da alƙali Bajamushe, wato jikokin masu rabon ne suka zauna duba rabon. Ƙorafin yana da daɗin ji, amma ba ya goge takardar 1962 ko ta Marwa. Ba Bature ne ya rubuta su ba. Kuma shugabannin Afirka da kansu ne suka yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar da ta samu 'yanci, don kada nahiyar ta kama da wuta.

Ba komai Najeriya ta rasa ba, ko da yake ba a cika faɗar wannan ba. A wurare da dama na kan iyakar tudu kotun ta bi fassarar Najeriya. A cikin teku ta ƙi yarda da layin da Kamaru ta nema, wanda da ya ratsa wuraren da Najeriya ke haƙar mai. Ta kuma ƙi buƙatar Kamaru ta a biya ta diyya.

Yadda aka janye

Hukuncin Kotun Duniya ba shi da ɗaukaka ƙara, amma kotun ba ta da 'yan sandan da za su tilasta shi. Abin da ya rage shi ne ko wanda aka kayar zai bi. Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya hango haka, shi ya sa ya haɗa Obasanjo da Biya a Faransa tun a Satumban 2002, kafin a karanta hukuncin, ya sake haɗa su a Janiba a watan Nuwamba. A can aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu ƙarƙashin jagorancin Ahmedou Ould-Abdallah, ɗan Muritaniya.

Daga Arewa aka fara. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin na Tafkin Chadi, Kamaru kuma ta miƙa wa Najeriya Dambore. A Yulin 2004 aka sake musayar wasu ƙauyuka a kan iyakar tudu. Duk wannan ya wuce ba tare da an ji wani kuka mai ƙarfi a Abuja ba, alhali dubban masunta ne suka kwana a Najeriya suka wayi gari a Kamaru.

Bakassi ce ta yi gardama. Wa'adin Satumban 2004 ya wuce ba a janye ba. Sai ranar 12 ga Yunin 2006 Obasanjo da Biya suka sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a Jihar New York ta Amurka, Annan yana zaune, wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaida. Sojojin Najeriya suka fice a watan Agustan wannan shekara. A Nuwambar 2007 Majalisar Dattawa ta ce miƙawar ta saɓa wa sashe na 12 na kundin tsarin mulki, tunda ba a kawo mata yarjejeniyar ta amince ba. Maganar tana da tushe, kuma kuskure ne da aka tsallake majalisa a kan al'amari mai girma irin wannan. Duk da haka Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cika alkawarin a 2008. Dokar kotun ta ba da shekara goma da za a iya neman a sake duba hukunci in an gano sabuwar hujja. A Oktoban 2012, wa'adin yana gab da cika, Ministan Shari'a Mohammed Bello Adoke ya sanar cewa gwamnatin Jonathan ba za ta nema ba. A Agustan 2013 Kamaru ta karɓi cikakken iko.

Ni ina ganin janyewar daidai ce, kuma ba sai an je nesa neman dalili ba. Habasha da Eritiriya sun yi yaƙi daga 1998 zuwa 2000 a kan garin Badme, dubun-dubatar mutane suka mutu. A 2002, shekarar da aka yanke hukuncin Bakassi, hukumar shata iyaka ta ce garin na Eritiriya ne. Habasha ta ƙi janyewa, iyakar ta zauna a rufe, 'yan uwa ba sa ganin juna har 2018. Nijar da Benin kuwa sun kai rigimarsu ta tsibirin Lete gaban Kotun Duniya, aka yanke a 2005, kowa ya karɓa. Da a ce Najeriya ta bi hanyar Habasha, da wuya a ga sojojinta da na Kamaru a runduna ɗaya suna yaƙar Boko Haram daga 2015, da wuya kuma dubban mutanen Gwoza da Bama su samu mafaka a sansanin Minawao da ke Kamaru, ko Kamarawan da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya koro su samu wurin zama a Kuros Riba da Binuwai da Taraba.

Inda aka ci amana

Yarjejeniyar Greentree ta yi wa mazauna Bakassi alkawura a fili: ba za a tilasta musu barin gidajensu ko sauya ƙasa ba, za a mutunta harshensu da addininsu, za su ci gaba da kamun kifi da noma, ba za a taɓa dukiyarsu ba, ba za a ɗora musu harajin wariya ba. A aikace, wanda ya zauna ya zama baƙo a garin da aka binne kakansa, ana neman takardar izinin zama a hannunsa, ana karɓar kuɗin jirgi da na kamun kifi, koke-koken cin zarafi daga jami'an tsaro kuma ba su yanke ba. Sunayen garuruwan ma sun sauya a takardun hukuma: Abana ta koma Jabane, Atabong ta koma Idabato. Tsaro ya taɓarɓare, 'yan bindiga suka kashe sojojin Kamaru 21 a Nuwambar 2007, suka sace ma'aikatan wani jirgin kamfanin mai a Oktoban 2008, Kamaru ta mayar da martani da jibge dakarunta na musamman, talaka kuma ya shiga tsakiya.

Waɗanda suka zaɓi dawowa Najeriya ba su tarar da abin da aka faɗa musu ba. Aka yanki wani ɓangare na ƙaramar hukumar Akpabuyo aka kira shi sabuwar Bakassi, wurin da ke da masu shi tun asali, kuma ba irin bakin tekun da masuncin da ya saba da manyan ruwaye zai yi sana'arsa ba ne. Dubbai suka yi shekaru a sansanoni, wasu a cikin ajujuwan makarantun firamare. Akwai yaran da aka haifa a wannan tsakani da ba su da takardar haihuwa ta kowace ƙasa, Kamaru tana ganinsu 'yan Najeriya, Najeriya ba ta da sunansu a kundinta. Jihar da ya kamata ta ɗauki nauyinsu ita ma ta samu karaya, domin a Yulin 2012 Kotun Ƙoli ta ce tunda Bakassi ta tafi, Kuros Riba ba ta da gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 da ake jayayya a kansu suka tabbata ga Akwa Ibom.

Aikin kafa turakun iyaka kuwa ya ci shekaru fiye da yadda aka zata, ya kuma ci rayuka. A Janairun 2017 'yan bindiga suka kashe mutum biyar daga cikin ma'aikatansa a kusa da Konca, kan iyakar Adamawa. Duk inda turken ya faɗa akwai manomin da gonarsa ta tsallaka ƙetare, da makiyayin da mashayarsa ta koma wata ƙasa, kuma su ma suna buƙatar a gaya musu matsayinsu a ba su takarda, kamar yadda mutanen Darak da na Abana suka buƙata.

Har yanzu sunan Bakassi yana cikin jerin ƙananan hukumomi 774 na kundin tsarin mulkin Najeriya, kuma ana ware mata kaso daga asusun tarayya. Maganar ƙwato yankin ta riga ta wuce, duk ɗan siyasar da ya yi muku alkawarinta ƙuri'a yake nema. Abin da ya rage a hannun gwamnatin tarayya da Majalisar Dokoki shi ne su ƙidaya mutanen nan, su ba su takardun zama 'yan ƙasa, su zaunar da su a bakin ruwan da za su iya jefa taru, su kuma bi Kamaru da maganar alkawuran da ta sa wa hannu a 2006.